Wa Ya Kai Ka? Neman Aiki Daga Zauren Alhaji Zuwa Teburin Tambayoyi

A daminar 2005, shekarar da yunwa ta sa sunan jihar Maraɗi ya cika gidajen rediyon duniya, ƙungiyoyin agaji sun yi ta shigowa yankinmu suna neman ma'aikata. Ina ɗan shekara 24 a lokacin, shekara biyu da fitowata daga makarantar horar da malamai ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi, ina koyarwa a wani ƙauye arewa da Dakoro a matsayin malamin kwantiragi. Hutu ya zo, aljihu babu komai. Sai na ji wata ƙungiya tana neman wanda zai riƙe rajistar yara a wurin da ake auna su, wanda ya iya lissafi, yana jin Faransanci da Hausa. Na ce wannan ai ni ake kira.

Ranar da aka ce mu zo, na sa rigata ta sallah. Da aka kira sunana na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na yi sallama, na shiga na durƙusa. Mutum uku ne a bayan teburi, maza biyu 'yan ƙasa da wata Baturiya. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar gajiya da iyali. Aka nuna mini kujera, na ɗosana a bakinta, idona a ƙasa. Baturiyar ta tambaye ni ko zan iya rubuta yara 300 a yini ba tare da kuskure ba. Na ce in Allah ya yarda za a gwada. Ta ce me na fi iyawa? Na ce, to, ba a dai rasa ba. Ba a yi minti goma ba aka sallame ni.

Wanda aka ɗauka abokin karatuna ne, wanda ni nake taya shi lissafi a makaranta. Bayan wata biyu na gamu da ɗaya daga cikin mazan nan a tashar mota, ya gane ni, ya ja ni gefe ya ce: "Mushe, takardunka sun fi na kowa. Amma ita matar ta ɗauka ba naka ba ne, tunda ka ƙi kallonta, kuma ka ƙi cewa ka iya."

Da na koma gida na ba mahaifina labari, bai tambaye ni abin da aka tambaye ni ba. Cewa ya yi, "Wa ya kai ka?" Na ce ba kowa, Baba. Ya girgiza kai ya ce, "Ina aka taɓa neman aiki haka?"

Na daɗe ina ganin tsohon bai fahimci zamani ba. Sai da na girma na karanta abin da aka rubuta a kan ƙasarmu na gane cewa tambayarsa ita ce mabuɗin tarihin gaba ɗaya. Duk abin da na yi a ɗakin nan daidai ne, kuskuren kawai shi ne na yi shi a ƙofar da ba tasa ba.

Mu koma baya. Bayan da masu jihadi suka kori sarakunan Haɓe daga Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyarsu suka kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836 suka kafa Tsibiri. Mu nan muna da kusanci da wannan tarihi fiye da yadda yaranmu suka sani, domin Birnin Lalle, inda Gobirawa suka yi babban birni tun kafin Alƙalawa, yana cikin gundumar Dakoro. Wani masani ɗan asalin Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau tun 1949, ya rubuta yadda aka gudanar da mulkin Maraɗi a zamanin Sarki Ɗan Baskore, wajen 1854 zuwa 1875. A ƙarƙashin sarki akwai manya huɗu, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, kowanne da gidansa da dawakinsa da tarin mutanensa. Saurayin da yake son ya zama wani abu a irin wannan daula babu ofishin da zai kai takarda. Gidan ɗaya daga cikin manya zai nufa ya yi caffa, ya zama baransa.

Barance ba bauta ba ce, ko da yake an yi su a zamani ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya. Bara ɗa ne, da ƙafarsa ya zo, kuma yana iya tashi ya koma wani gida in ya ga ba a riƙe shi da kyau ba. Babu albashi. Ubangida zai ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya tsaya masa in ya shiga rigima, ya yi masa aure in lokaci ya yi, in ya ga ƙwazonsa ya ba shi doki ko ya nema masa 'yar sarauta. Shi kuma bara zai ba da kansa dungum: aike, rakiya, noma, yaƙi, da riƙe asirin gida. Wanda za ka ba doki da asirinka ba a zaɓensa a minti goma. Shi ya sa ranar farko ba a neman komai daga bakin saurayin. Wanda ya kawo shi ne yake magana, ya faɗi ɗan wane ne, jikan wane, daga wane gari. Shi nasa ya zube ya yi gaisuwa, ya sunkuyar da kai, ya koma gefe ya zauna inda ya dace da shi. Ana kallon inda ya zauna ɗin. Ana kallon yadda ya sa hannu a akushi. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to amma a fada Larabar tana iya kai wata shida.

Wannan tsari bai mutu da zuwan Turawa ba, kasuwa ya koma. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi aka tayar da sabo a kan tudu, sai zamanin gyaɗa ya kankama. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suna ba manyan 'yan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, su kuma su raba wa yaransu su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa. Daga 1962 kamfanin gwamnati SONARA ya karɓi ragamar cinikin, amma hanyar kuɗin ba ta sake ba: daga hannun alhaji zuwa hannun bara, daga bara zuwa kasuwar ƙauye, ba rasit ba sa hannu. Emmanuel Grégoire, Bafaranshen da ya fitar da littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya lura cewa ƙarfin ɗan kasuwa a garin ba a kuɗi kaɗai ake auna shi ba, har da abin da su da kansu suke kira arzikin mutane, wato yawan waɗanda zai iya aika da dukiyarsa ya kwanta ya yi barci.

A nan mahaifina ya shigo. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kawunsa ya ɗauke shi daga ƙauye ya kai shi zauren wani alhaji a Maraɗi. Ya sha ba mu labarin, kuma kullum a wuri ɗaya yake dariya. Kawun ya yi bayani, alhaji ya ce madalla, ko kallon yaron bai yi ba. Wata uku yana share zaure, yana shimfiɗa tabarmi, yana kai wa baƙi ruwa, ba wanda ya ce masa an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Wata rana alhaji ya miƙa masa kuɗi ya ce ya sayo goro na dala ashirin. Da ya fita ya ƙirga sai ya ga dala talatin ce. Ya sayo na ashirin, ya dawo ya ajiye goro da dala goma a gaban alhaji. Alhaji ya tura kuɗin ƙarƙashin buzu bai ce uffan ba. Da kaka ta zo sai aka ba shi buhuna da mudu da kuɗi aka ce ya bi wani babban yaron gidan zuwa kasuwannin ƙauye. Wannan ita ce jarrabawarsa, kuma bai san ana yi masa ita ba sai da ya ci. Alhajin ne ya yi masa auren fari, shi ya ba shi jarin da ya dawo da shi nan Dakoro ya buɗe tebur.

Har a ƙasar Yarabawa haka abin yake. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga yadda ake sayar da shanun da aka koro daga arewa, har da na ƙasarmu, ga mahauta bashi, ba takarda. Maigida ne yake tsaya wa fatake, dillalansa ne suka san mahaucin da yake biya da wanda yake cin bashi. Yaro ba ya zama dillali a gidan sai ya yi shekaru yana hidima ana kallonsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ta Dakoro ko ta Sakabal ya ga yadda ake ƙulla cinikin raƙumi da baki kawai ya san wannan duniya tana nan da ranta.

To ku duba abin da muke koya wa 'ya'yanmu a gida da sunan ladabi. Kada ka kalli babba a ido. Kada ka yi magana sai an tambaye ka, in an tambaye ka ma ka taƙaita. In an yabe ka ka sunkuyar da kai. Yabon kai jahilci ne. Waɗannan duka dabarun neman aiki ne, kuma dabaru ne masu kyau ƙwarai, a duniyar da wani zai yi magana a madadinka, kuma mai ɗaukar ka yana da wata uku na kallonka. Abin da ya ɓace mana shi ne kawun da wata ukun.

Ƙofa ta biyu Faransawa ne suka buɗe ta, kuma da farko gudunta aka yi. Har zuwa 1946, lokacin da dokar da take ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, babban burin talaka a gaban kumandan shi ne kada a lura da shi. Wanda ya yi kyan gani, ƙaƙƙarfa, shi ake ɗauka dako ko gyaran hanya ko soja. Makaranta ma ɓoye yara ake yi a rumbu, sarakuna da yawa suna tura 'ya'yan barorinsu maimakon nasu. Da aka kafa bariki a Dakoro a ƙarshen shekarun 1940, ayyukan da ake samu a kewayensa su ne gardi da tafinta da fulanto da kuku. A nan ne jikin mai neman aiki ya fara sauyawa. Gardawa yawanci tsofaffin sojoji ne, kuma a gaban Bature ba a durƙusawa, ƙamewa ake yi a tsaye, a ɗaga kai, a amsa da ƙarfi. Kawu kuma takarda ta maye gurbinsa, 'yar wasiƙar da Baturen da ka yi wa aiki a baya ya rubuta cewa ba ka sata. Mutane suna naɗe irin wannan takarda a fata kamar laya.

Waɗanda suka yi nisa a boko ba su ma nemi aiki ba, aikin ne ya neme su. Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary duk sun bi ta makarantar William Ponty a Senegal suka fito malaman makaranta, aka tura su inda aka ga dama. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ƙasar tana ƙishirwar masu takarda, sai kuɗin uraniyom na Arlit ya zo a shekarun 1970 ya ƙara buɗe ƙofa. Malaman da suka koya mini a firamare babu wanda ya taɓa zama a gaban wani teburi yana bayyana abin da ya iya. Ka ci jarrabawa, sunanka ya fito, a ba ka takardar gari, ka hau mota. Mai kunya da marar kunya albashinsu ɗaya. Saboda haka ladabin zaure ya ci gaba da zama a gida lafiya lau, boko bai taɓa shi ba, domin babu inda suka yi karo.

Karon ya zo ne da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na masu ba da bashi, aka daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu kai tsaye. Aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara cike azuzuwa da malaman sa-kai, daga baya 'yan kwantiragi irina. Makarantu masu zaman kansu suka yawaita, da ƙananan asibitocin kuɗi, da kamfanonin waya, da ƙungiyoyin agaji, kowanne da teburinsa da mutum uku a bayansa. Idan aka lissafa, zaman nan na minti goma a gaban baƙon da bai san ubanka ba bai wuce shekara 30 da zama ruwan dare a wurinmu ba. Barance ya yi ɗaruruwan shekaru. Ba abin mamaki ba ne da jikinmu ya fi sanin wancan.

Abin da ya sa nake rubuta wannan ga malamai da iyaye shi ne yaran da nake gani suna faɗuwa ta fuska biyu. Akwai irina na 2005, kuma 'yan mata sun fi yawa a cikinsu, domin nauyin kunya a kansu ya ninka. Yarinya ta ci birebe da maki mai kyau, ta yi makarantar lafiya, a tambaye ta sunanta muryarta ba ta kai teburi ba, gefen mayafi a baki. Akwai kuma sababbin, waɗanda suka koyi neman aiki a Facebook. Wani darakta na makarantar kuɗi, dattijo, ya ba ni labarin saurayin da ya shigo masa da baƙin tabarau, ba sallama, ya miƙa masa hannu tun daga nesa, ya ja kujera ya zauna kafin a ce ya zauna, ya fara da tambayar nawa ne albashi. Takardunsa ba laifi. Dattijon ya ce da shi za a kira shi, kuma har yau ana kiransa. A gari kamar Dakoro ƙofofin nan duka a buɗe suke lokaci guda. Mai kantin magani ko mai gidan mai alhaji ne, ta zaure ake zuwa masa, kuma har gobe zai tambayi ɗan wane ne. Ƙungiyar da ke bayan gidansa kuma dokarta ta hana a ɗauki mutum don ɗan wane ne.

Wani uba ya taɓa zuwa har makaranta ya same ni, ransa a ɓace, wai ina koya wa 'yarsa rashin kunya. Abin da ya faru shi ne na saba duk ranar Juma'a in tayar da yara uku ko huɗu a ajin ƙarshe, kowa ya tsaya a gaban allo, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya faɗi sunansa da garinsu da murya mai kai wa ƙarshen aji, sannan ya faɗi abu ɗaya da ya iya, da hujja. Ba na karɓar "ba a rasa ba". In yaro ya ce ya iya kiwo, sai in ce awaki nawa, tun yaushe, nawa suka ɓace a hannunka? Na ba uban kujera, na ce masa, Malam, ka tuna ƙissar Annabi Yusuf, wanda da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan rumbunan ƙasa, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya cancanta? Yabon kan da Hausawa suka kira jahilci shi ne na wanda ba a tambaye shi ba, ko wanda ya faɗi abin da babu. Wanda aka tambaya ya ba da gaskiya, shaida ya bayar. Bai ce ya yarda ba, amma bai cire yarinyar ba.

Ni kaina ba na son a watsar da na zaure, domin akwai abin da ya sani wanda har yanzu yake aiki a gaban teburi. Ya san cewa jarrabawa tana farawa kafin a ce an fara. Mai gadi da fulanto da matar da take rubuta sunaye duk suna da ido, kuma ana tambayarsu. Ya san ba a shiga gidan da ba a yi tambaya a kansa ba, ka san me suke yi da wanda yake shugabanta. Ya san mai nema ne yake jira. Daga nan zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, kuma motar haya ba ta san ƙarfe takwas ba, don haka wanda aka kira da safe ya kwana can. Dala goman mahaifina ma tana nan: in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, domin sau da yawa don haka aka yi tambayar. Abin da za a ƙara kaɗan ne. Takardu su zama kawunka, a jere cikin jaka mai tsabta, takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan ƙasa da kofen sakamako da aka buga wa hatimi, da takardar kotu ta rashin laifi wadda ba ta wuce wata uku ba. Gaisuwa ta zama ɗaya, cikakkiya, ga kowa da kowa. Ido ya sauka a fuskar mai tambaya ba tare da zuru ba. Sannan abin da kawu zai faɗa a kanka, ka faɗe shi da kanka, a jimla uku ko huɗu da ka riga ka maimaita a gida.

Makon jiya wata tsohuwar ɗalibata ta zo gidana da mahaifiyarta. Ta gama makarantar ungozoma, an kira ta ganawa a wani asibitin kuɗi a Maraɗi. Muka zauna a tsakar gida, na zama mai tambaya, matata ta zama ta biyu, muka yi ta maimaitawa har sau biyar kafin ta iya cewa ta karɓi haihuwa 14 a lokacin koyon aiki ba tare da ta rufe fuska ba. Uwar tana gefe tana dariya tana cewa, "Mushe, za ka lalata mini 'ya." Da za su tafi yarinyar ta juyo ta ce, "Mushe, takalmi fa? In cire ko in shiga da shi?" Na ce ta duba bakin ƙofa, in ta ga takalma ta ajiye nata a gefensu.

Jiya da yamma ta kira ni. Ta ce da ta isa ta duba, babu takalmi ko ɗaya, sai ta shiga da nata. Mai asibitin dattijo ne, ya saurari bayaninta har ƙarshe, ya duba takardunta, sannan ya cire tabarau ya tambaye ta 'yar wane ce a Dakoro. An ce su saurari kira ranar Litinin.